Hamsta ko jabil ɗinki ta kusa haihuwa? Maganar tayar gudun nan ta cikin keji

Tambayar da ta fi zuwa min a WhatsApp tun da mutanen unguwar Aboabo a nan Kumasi suka san ina kiwon hamsta da jabil, wato ƙananan dabbobin nan dangin ɓera da ake kiwo a keji, ita ce, macen ta haihu, in cire tayar gudun daga kejin ko in bar ta? Amsata kullum ɗaya ce, a cire, amma tun kafin ta haihu ba bayan ta haihu ba. Kuma a nan ne yawancin mutane ke samun matsala, don sai an wayi gari an ji ƙaramin kuka tsi tsi tsi daga cikin sheƙa sannan hankali ya tashi, a zura hannu cikin keji ana kiciniyar ɓalle taya, keji na girgiza, uwar na zagaye a firgice, toh a wannan lokacin wallahi hannunka ya fi tayar zama haɗari ga 'ya'yan.

Mu nan Zango abin da muka saba da shi zomo ne da ɓeran Masar da tattabaru, sai yanzu da yara ke ganin hamsta a YouTube da TikTok suna matsa wa iyaye a saya musu. Ana saye kuwa, daga Asawase har Tafo na ga gidajen da ke da su. Kejin da ake haɗo wa mutum da shi kusan iri ɗaya ne, ɗan ƙarami mai kala, da kwalbar ruwa, da 'yar taya ta waya a maƙale a gefe. Mai sayarwa kuma ba zai gaya maka komai kan haihuwa ba, wani ma bai san macen da ya ba ka tana da ciki ba tunda duk a keji ɗaya ya tara maza da mata.

Kar wani ya ɗauka ina ƙin taya ne fa. Ko kaɗan. Hamsta dabbar dare ce, in gari ya yi tsit tana iya yin gudun kilomita da dama kafin asuba, kuma wadda ba ta da wurin gudu za ka gan ta tana ta gwaguyar ƙarfen keji ba dare ba rana, ko tana hawa tana faɗowa, wannan ba wasa take yi ba, ƙunci ne. A Switzerland, a jami'ar Bern, an yi bincike a 2005 kan matan hamsta, wasu aka ba su tayar da ke juyawa wasu aka ba su wadda aka kafe, sai aka ga masu tayar da ke aiki sun fi rage cizon ƙarfen nan kuma sun fi haihuwar 'ya'ya da yawa. Akwai kuma wanda ya fi ba ni sha'awa, na jami'ar Leiden a Holan da ya fito a 2014, inda Johanna Meijer da abokin aikinta suka ajiye taya a fili, a lambu da kuma cikin tudun yashi, suka sa kyamara, sai ga ɓerayen daji da ba wanda ya taɓa kulle su suna zuwa da kansu su hau su yi ta gudu, har kwaɗi an gani a ciki. Kenan abin so suke yi. Shi ya sa cire wa uwa tayarta ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, kuma ba na cewa a yi sai don abin da na gani da idona.

Ɗan yayata da ke Asawase, wanda hamstarsa ta haihu, shi ne ya kira ni wata rana da sassafe, muryarsa na rawa, ya ce Kawu don Allah ka zo, ɗaya ya fito waje ba ya motsi sosai. Na je na tarar da kejin a kan benci a baranda. Tayar irin ta wayar nan ce mai sanduna a jere da sarari tsakaninsu, uwar kuma ta haɗa sheƙarta a lungun da ke bayan tayar daidai, don nan ne ya fi duhu. Jaririn yana kwance ƙarƙashin tayar, jajir, babu gashi ko ɗaya, idonsa a rufe, kunnuwansa a manne da kai, fatarsa siririya har kana hango farin nono a cikinsa, alamar bai daɗe da sha ba. Abin da ya faru a fili yake, yana kan nono uwar ta miƙe ta nufi taya, shi kuma bai saki ba, ta jawo shi har wurin ya faɗi. Jikinsa ya yi sanyi. Na ce wa yaron kar ka taɓa shi da hannu, ɗauko min cokali. Muka goga cokalin cikin shimfiɗar kejin sosai don ya ɗau warinsu, muka yaudari uwar zuwa ɗaya gefen da ɗan dafaffen ƙwai, na kwashe shi a hankali na tura shi cikin 'yan uwansa na ja 'yar takarda na rufe. Allah ya taimaka ta karɓe shi. Tayar kuma ban ɓalle ta ba ranar, zare na samu na ɗaure ta daga waje da ƙarfen keji don kar ta juya, sai da 'ya'yan suka yi gashi sannan muka fitar da ita gaba ɗaya. Wanda haihuwa ta zo masa ba shiri, wannan ita ce dabarar da nake ba shi, ka kafe tayar daga waje da zare ko waya, kar ka buɗe keji kana fama.

Jawo ɗa a kan nono hanya ɗaya ce kawai. Wata uwar a cikin tayar ma take haɗa sheƙa in irin mai rufin nan ce, ta kwashe 'ya'yan ta zuba ciki, da dare kuma ta tashi gudu da su a ciki. Wata ta ɗauko ɗa a baki za ta canja masa wuri sai ta hau taya da shi. Akwai kuma sararin da ke tsakanin ƙasan tayar da daɓen keji, da wanda ke tsakanin tayar da ƙarfen da ke riƙe ta, nan ne ƙafa ko wuya ke shiga, taya na juyawa ya datse. Sannan wata uwar, musamman mai haihuwar fari, sai ta daɗe a kan taya ta bar 'ya'ya a buɗe, su kuma a kwanakin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, daga jikinta suke samu. Kowa ya san ba a barin yara su buga ƙwallo a ɗakin da aka kwantar da jariri a kan tabarma, ko da kuwa ƙwallon ba laifi ba ne a filinsa.

Toh yaushe za a cire? Sai ka san lissafin cikin. Hamsta babba, wadda asalinta daga Siriya take, cikinta kwana 16 ne kacal, yana cikin mafi gajarta a dabbobi masu shayarwa. Ƙananan nau'in kuma kwana 18 zuwa 21 ko ɗan sama da haka. Jabil kwana 24 zuwa 26. In ka san ranar da aka haɗa su, saura kwana uku ko huɗu ta haihu sai ka yi shara ta ƙarshe, ka zuba shimfiɗa mai kauri, ka bar mata ɗan tsohuwar don warinta kar ya ɓace gaba ɗaya, ka fitar da taya, ka fitar da duk wani tsani ko bene da ɗa zai iya faɗowa daga kai, ka sauko da kwalbar ruwa ƙasa ƙasa. In ba ka san ranar ba, misali sabuwar saye ce, ka sa ido, za ka ga gefen cikinta biyu ya buɗe, tana kwasar abinci a kumatu tana kaiwa lungu ɗaya fiye da yadda ta saba, tana jan duk takardar da ta gani tana tarawa, wata ma ta fara faɗa in ka kai hannu. Ka ga haka kar ka jira gobe.

Bayan ta haihu kuma sati biyu cur ba shara, ba ɗaga sheƙa a leƙa, ba ɗaukar hoto da fitilar waya, ba kiran yaran maƙwabta su zo kallo. Na san wannan shi ne mafi wuya a gidan haya inda kowa ke son ya gani, amma uwar hamsta in ta tsorata tana iya cinye 'ya'yanta ko ta watsar da su. Wannan hali an san shi tun ranar farko da aka kama su. A 1930 ne wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni daga jami'ar Hibru ta birnin Ƙudus ya sa aka tono wata uwa da 'ya'yanta daga rami mai zurfi a wata gona kusa da Halab, ana saka su cikin akwati uwar ta kashe ɗaya nan take. 'Yan kaɗan da suka rayu daga cikin 'ya'yan nan su ne kakannin kusan duk hamstar Siriya da ake kiwo a gidaje yau, har da wadda ke barandar ɗan yayata. Ka duba fa, dabbar da Allah ya halitta ta haihu a ƙarƙashin ƙasa cikin duhu ita kaɗai, mu kuma mun ajiye ta a fili kusa da talabijin. Abin da za mu iya yi mata shi ne mu rufa wa rabin kejin tsumma mara nauyi mu ƙyale ta. Namijin hamstar Siriya kuwa dama bai kamata yana ciki ba, su ba sa zaman aure, ana gama barbara kowa ya koma kejinsa.

Jabil daban ne, kuma su na fi ƙauna gaskiya. Asalinsu daga Mongoliya da arewacin Sin, a 1954 aka kai su Amurka don bincike daga nan suka shiga gidaje. Su zaman iyali suke, uban yana kwanciya a kan 'ya'ya ya ɗumama su, yana lashe su, in ɗaya ya ɓace hanya ya dawo da shi. Don haka ba a cika raba shi da su ba, sai dai ka sani macen tana karɓar namiji cikin kwana ɗaya da haihuwa, wato in ka bar shi ka shirya wa wata haihuwar. Amma zamansa a ciki yana nufin masu gudu biyu ne a keji ɗaya, kuma jabil ba kamar hamsta ba ne da sai dare, shi dare da rana yana tashi ya yi harkarsa ya koma barci. 'Ya'yan jabil kuma ga rawar kai, tun ido bai buɗe ba, wajen sati biyu, za ka gan su sun fito suna rarrafe ko'ina suna karo da abubuwa, idon sai wajen kwana 17 zuwa 20 yake buɗewa. Wannan tsakanin shi ne mafi haɗari, makahon ɗa ya hau cikin taya, uba ya faɗo ciki da gudu, sai dai ka ga an wurgo shi. Sannan ga wutsiya. Hamsta kusan ba ta da ita, jabil kuwa tasa doguwa ce mai gashi, kuma fatarta saurin saɓulewa take in wani abu ya riƙe ta, ta bar ƙashi a waje daga baya ya bushe ya faɗi, ba ta kuma tsirowa. Tayar waya mai sanduna ita ce babbar mai yin wannan ɓarna, ita da ɗaukar su ta wutsiya da yara ke yi. Ko babu jego tayar nan ba ta dace da jabil ba sam.

Na san akwai masu kiwo da ke cewa a bar wa jabil tayarsa in dai mai daɓe ce, wai uwa ma tana buƙatar ta ɗan huta da 'ya'ya. Ban ce ƙarya suke ba, in kana da babban tankin gilas mai zurfi kana iya rataye tayar daga murfi ta yadda manya za su yi tsalle su hau amma ƙanana ba za su kai ba, wannan na yarda da shi. Amma nawa ne cikinmu ke da irin wannan tankin? Kejin da nake gani a gidajenmu sheƙa da taya da kwanon abinci duk suna gogar juna. A irin wannan wuri ni dai a cire.

Abin da ke damuna shi ne a cire taya a bar uwar haka nan ba komai. Ka ɗauke mata abu sai ka ba ta wani. Kwalin tsakiyar takardar bayi, kwalin ƙwai wanda bai ɓaci ba, guntun katako mara fenti, duk ta yi ta gwaguya, jabil kam cikin ɗan lokaci zai mai da kwali gari ya kai sheƙa. Shimfiɗa mai zurfi don ta yi tono. Abincin kuma maimakon ka zuba duka a kwano ka warwatsa gero da dawa cikin shimfiɗar ta yi ta nema, yana ɗauke mata hankali. Mai shayarwa tana buƙatar abin gina jiki, ɗan dafaffen ƙwai, gyaɗa ɗaya biyu mara gishiri, ɗan karas ko kokwamba, ruwa kuwa kar ya yanke ko na rabin yini. Kayan sheƙa farar takardar bayi mara ƙamshi, ka yayyaga ka zuba. Auduga kar ka kuskura, na san tana da laushi kuma ido yana ganin kamar ita ce ta dace, amma zarenta yana naɗe ƙafar jariri ya hana jini wucewa har ƙafar ta mutu, in sun haɗiya kuma ta toshe hanji. Dusar katako da ake kwasowa wurin kafintoci ma a yi hattara, mai ƙura ko mai warin magani ba ta da kyau ga numfashinsu.

Sai kuma abubuwan da suke namu na nan Kumasi waɗanda ba za ka ji Bature ya ambata a bidiyonsa ba. Zafi na farko. Dabbobin nan sun fi jin daɗi wajen digiri 20 zuwa 24, mu kuma a Fabrairu da Maris ɗakin kwano da rana ya wuce 30 nesa, in aka haɗa da dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, fanka ta tsaya sai ka ga uwa ta baje a waje ta ƙi shiga sheƙa. Ka kai kejin ɗakin da ya fi sanyi tun kafin haihuwa, nesa da taga, ka sa mata guntun tayil ko fasasshiyar tukunyar ƙasa ta kwanta a kai. Na biyu tururuwa da cinnaka, ragowar ƙwai ko kokwamba in ya kwana su za su zo, kuma jariri mara gashi ba shi da yadda zai yi da su. Abin da ba ta ci ba ka ɗauke da dogon cokali kafin dare, ƙafafun tebur kuma a tsoma su cikin gwangwanin ruwa. Na uku kyanwar gida, ko ba ta taɓa keji ba zamanta a gefe tana kallo ya isa ya firgita uwa.

Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa ce min, Malam duk wannan wahala a kan ɓera? Na ce masa Baba ai ni na kulle ta, ba ita ta kawo kanta ba. Shi da kansa ya tuno min hadisin matar nan da ta ɗaure kyanwa, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, ya ce toh Allah ya ba da lada.

Mayar da taya kuma ba na gaggawa. Hamstar Siriya idon 'ya'yanta yana buɗewa wajen kwana 14 ko 15, daga nan suna fara cin abinci da kansu, yaye kuma tsakanin sati uku da huɗu. Ni sai sun cika sati uku, suna gudu da ƙafafunsu sosai, sannan nake mayarwa, jabil kuma sati huɗu. Ranar da ka mayar ka zauna ka kalla na ɗan lokaci da yamma, don duka za su ruɗe su cika ciki, wani na son ya yi gaba wani baya, in uwa na shiga tana wurgi da su ka sake fitarwa ka ƙara 'yan kwanaki.

Kuma don Allah kar a mayar da ta wayar nan. Tayar kirki daɓenta a rufe yake ruf babu rami, bayanta a toshe, gabanta a buɗe babu sandar da ta gitta. Girma ma abin dubawa ne, hamstar Siriya tana son mai faɗin santimita 28 zuwa sama, jabil ma kusan haka, ƙananan hamsta santimita 20 zuwa sama. Yadda za ka gane da ido shi ne ka kalle ta tana gudu, in bayanta ya lanƙwashe kanta ya ɗaga sama tayar ta yi mata kaɗan, kuma a hankali tana cutar da ƙashin bayanta. An ma gwada a Kanada a 2005, aka ba hamsta zaɓi tsakanin mai santimita 23 da mai 35, suka fi zaɓar babbar. Samun irin wannan a kasuwa yana da wuya kuma da tsada in an samu, shi ya sa nawa haɗawa nake. Na hamsta robar wanki ce madaidaiciya daga kasuwar Kejetia, mai gefe a miƙe ba mai buɗaɗɗen baki ba, a huda tsakiyar gindinta a sa ƙusa mai noti da ƙaramin boris, irin wannan a Suame Magazine, unguwar makanikai, ba ya wuyar samu, a kafa ta a jikin katako, cikin robar kuma a ɗan goge da sanfefa don kar ƙafa ta riƙa zamewa. Da boris ba ta ƙara, wanda ke kwana ɗaki ɗaya da kejin zai gane amfanin hakan. Na jabil kuwa roba ba ta yi, cinye ta za su yi kuma gutsuren yana musu illa a ciki, sai dai katako, kafinta ya yi maka ba fenti ba banish, ka tsaya a kansa ka nuna masa kar ya bar tsinin ƙusa ta ciki. Tsakanin ƙasan tayar da shimfiɗa kuma a bar sarari yadda ko ɗa ya shiga ƙarƙashi zai wuce ba tare da ta danne shi ba. Masu ɓeran Masar ku kuma kar ku ga haka ku sa musu, su bayansu ba ya lanƙwasa haka, taya karya su take.

Abu ɗaya da nake so mai shirin haɗa mace da namiji ya lissafa tun yanzu, hamstar Siriya tana iya haifar shida, takwas, har sama da goma a ciki ɗaya. Suna kai sati huɗu dole a raba maza da mata don daga nan suna iya ɗaukar ciki, in suka ƙara 'yan makonni kuma faɗa zai fara tsakaninsu har sai kowanne ya samu kejinsa shi kaɗai, kowane keji kuma da tayarsa. Na ɗan yayata bakwai ne suka tashi, mun samu gidaje biyar da suka karɓa, kuma duk wanda ya zo ɗauka sai da na ce ya turo min hoton keji da tayar da ya tanada kafin mu ba shi. Biyun da suka rage suna wurina, ina jiran kafinta ya gama musu nasu a wannan satin in sha Allah.